Talabijin da Wayar Hannu a Rayuwar Ƙananan Yara: Koyo, Lafiya da Natsuwa

Likitocin yara suna amfani da kalmar "lokacin allo" don nufin tsawon lokacin da yaro yake yi yana kallon talabijin, wayar hannu, kwamfuta ko wasan bidiyo. Allo a nan shi ne gilashin da hoto yake fitowa a kai. Batun ya fi nauyi a kan yara daga haihuwa zuwa shekara 5, domin a cikin waɗannan shekarun ne yaro yake koyon magana, tafiya, zama da mutane da kuma riƙe kansa idan ransa ya ɓaci.

Tashar talabijin ta farko a Najeriya ta fara aiki a Ibadan a 1959, ta Kaduna kuma a 1962. Yawancin iyayen da suke reno a yau sun tashi ne a lokacin da tasha take buɗewa da yamma ta rufe da dare, kuma akwati ɗaya yakan ishi gidaje da yawa a unguwa. Da zuwan wayar GSM a 2001, da manyan wayoyin da suka biyo baya, allo ya koma cikin aljihu. Ba shi da lokacin rufewa, yana aiki ko an ɗauke wuta, kuma ko babu intanet ana tura finafinai da katun a memori a kasuwa. Kakanninmu ba su bar mana wata ƙa'ida a kan wannan ba domin ba su san shi ba, saboda haka yana da kyau iyaye su san abin da bincike ya gano.

A taƙaice, abin da aka gano shi ne ƙaramin yaro yana koyo ta wurin mutum mai amsa masa. Mafi yawan illar allo tana zuwa ne daga abubuwan da yake ƙwace wa yaro lokacinsu: hira, wasa, motsa jiki da barci.

Yadda ƙaramin yaro yake koyo

Masana na cibiyar nazarin girman yara ta Jami'ar Harvard a Amurka sun kimanta cewa a shekarun farko na rayuwa, ƙwaƙwalwa tana ƙulla sabbin hanyoyin sadarwa fiye da miliyan 1 a kowace daƙiƙa. Hanyoyin da ake yawan amfani da su suna ƙarfi, waɗanda ba a amfani da su kuma suna shuɗewa. Abin da ya fi ƙarfafa su shi ne ba-ni-in-ba-ka tsakanin jariri da mai renonsa. Jariri ya yi gwaranci, uwa ta amsa. Ya nuna kaza da yatsa, yayarsa ta ce masa "kaza ce". Ya yi murmushi, kaka ta mayar masa. Kowace amsa tana koya masa cewa sauti yana da ma'ana, kuma shi ma yana da bakin da ake saurara.

A 1975 wani masanin halayyar yara mai suna Edward Tronick ya gabatar da gwajin da ya nuna girman wannan bukata. Ana sa uwa ta yi wasa da jaririnta, sai a ce ta ɗaure fuska na 'yan mintoci, kada ta amsa masa ko kaɗan. Nan take jaririn yakan shiga ƙoƙarin jawo hankalinta da murmushi da miƙa hannu, idan abin ya ƙi sai ya kau da kai ya fashe da kuka. Allo yana magana, yana waƙa, yana da launi, amma bai san abin da yaro ya nuna da yatsa ba, kuma ba ya dakatawa ya jira amsarsa.

Allo da koyon magana

A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta na Jami'ar Washington da ke Seattle sun buga sakamakon wani gwaji a kan jarirai 'yan wata 9 daga gidajen da Turanci kaɗai ake yi. An shirya musu zama 12, kowanne na minti 25, cikin kusan mako 4, ana jiyar da su harshen Mandarin na ƙasar Sin. Wasu jariran sun zauna da masu harshen ido da ido, ana karanta musu littafi ana wasa da su. Wasu kuma sun kalli irin wannan zama a bidiyo, wasu suka ji murya kawai. Waɗanda suka zauna da mutane sun iya bambance sautukan Mandarin kamar jariran Taiwan da suka tashi cikin harshen. Waɗanda suka kalli bidiyo ko suka ji murya kawai ba su nuna sun koyi komai ba.

A 2010 Judy DeLoache ta Jami'ar Virginia ta gwada wani faifan bidiyo da ake sayarwa da sunan koya wa jarirai kalmomi. Yara 'yan wata 12 zuwa 18 sun kalle shi a gida na tsawon wata 1. A ƙarshe ba su fi yaran da ba su kalla ba sanin kalmomin. Waɗanda suka fi koyo su ne waɗanda iyayensu suka koya musu kalmomin da baki, ba tare da bidiyo ba. Shekara 1 kafin wannan, wato a 2009, kamfanin Disney ya amince ya mayar da kuɗi ga iyayen da suka sayi faifan Baby Einstein, bayan an matsa masa a kan tallar da ke nuna faifan yana ilimantar da jarirai.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Yara da yawa a arewa suna tashi da harshe biyu ko uku: na kakanni, kamar Birom, Tangale, Bacama, Jju ko Angas, sai Hausa, sai Turanci a makaranta. Wasu iyaye suna zaunar da ɗan shekara 1 gaban katun na Turanci da nufin ya fara jin Turanci da wuri, wasu ma har su daina yi masa yaren gida don kada ya rikice. Harsuna biyu ba sa jawo jinkirin magana. Yaro yana iya ɗaukar su duka idan akwai masu yi masa su, kuma wanda ya ƙware a harshen gida yana da tushen da zai ɗora wani a kai. Abin da katun yakan ba ɗan shekara 1 shi ne wasu kalmomi da waƙoƙi da yake maimaitawa ba tare da ya iya amfani da su wajen neman ruwa ko faɗin inda yake masa ciwo ba.

Akwai kuma manyan bincike da suka bi yara shekara da shekaru. A birnin Calgary na Kanada, Sheri Madigan da abokan aikinta sun bi yara fiye da 2,400, suka buga sakamakon a 2019. Yaran da suka fi kallo a wata 24 sun fi samun ƙarancin maki a gwajin ci gaba a wata 36, haka kuma yawan kallo a wata 36 ya yi daidai da ƙarancin maki a wata 60. A Japan, wani bincike da aka buga a 2023 ya bi yara fiye da 7,000, ya gano cewa yawan kallo a shekara 1 yana tafiya tare da jinkiri wajen sadarwa da warware matsala a shekara 2 da 4. Irin wannan bincike yana nuna dangantaka ne, kuma wasu abubuwa kamar talauci, gajiyar uwa da rashin mai taya reno suna da nasu hannu. Amma idan aka haɗa shi da gwaje-gwajen da aka ambata a sama, duk wuri ɗaya suke nunawa.

Talabijin da ba mai kallo, da wayar iyaye

A gidaje da yawa, da zarar an kawo wuta sai a kunna talabijin a bar shi yana ta yi, ko da kowa yana harkarsa. Ana ɗauka tun da yaro ba ya kallo, abin bai shafe shi ba. A 2008 masana na Jami'ar Massachusetts sun sa yara 'yan wata 12, 24 da 36 su yi wasa na awa 1 a ɗaki, rabin lokacin talabijin yana kunne da shirin manya, rabi kuma a kashe. Lokacin da yake kunne, yaran sun fi saurin barin abin wasa, hankalinsu bai daɗe a kan abu ɗaya ba, ko da yake ɗan waiwaye kawai suke yi wa allon. A 2009 Dimitri Christakis na Seattle ya sa wa ƙananan yara na'urar naɗar sauti a jiki, ya gano cewa kowace awa da ake jin sautin talabijin, kalmomin da yaro yake ji daga bakin manya suna raguwa da kusan 770.

Wayar iyaye ma haka take. Uwa mai shayarwa tana duba WhatsApp, ko uba da ya dawo aiki ya zauna da Facebook, jikinsu yana kusa da yaro amma fuskarsu ta yi kama da ɗaurarriyar fuskar gwajin Tronick. Babu mai iya amsa wa yaro kowane minti, kuma ba a bukatar haka. Abin lura shi ne lokutan da dama na hira ne, kamar shayarwa, wanka, cin abinci da shirin barci, kada waya ta cinye su. Kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: yadda yaro ya ga manya suna yi da waya, haka zai so ya yi.

Inda allo yake da amfani

Daga wajen shekara 2 da rabi zuwa 3, yaro yakan fara gane cewa abin da ke cikin allo yana wakiltar abin da ke duniya, a nan ne shirin da aka tsara da kyau zai iya koya masa wani abu. Shirin Sesame Street, wanda ya fara a Amurka a 1969, shi ne aka fi yin nazari a kansa. A 2013 aka tattara bincike 24 daga ƙasashe 15, wanda ya ƙunshi yara fiye da 10,000, aka ga masu kallon irinsa na ƙasashensu sun ƙaru wajen haruffa, lissafi da sanin tsabta da lafiya. Na Najeriya, mai suna Sesame Square, ya fara fitowa a tashar NTA a 2011.

Shiri mai amfani yana da alamu. Yana tafiya a hankali, yana maimaita darasi, yana da labari mai farko da ƙarshe, kuma yana barin fili yaro ya amsa. Amfaninsa yana ƙaruwa idan babba ya zauna tare da yaro yana tambayarsa, "Awaki nawa ka gani?", sa'an nan bayan an kashe a je a ƙirga awakin gidan. Kiran bidiyo da dangi shi ma daban yake da kallo, domin kaka da ke ƙauye ko uba da ke aiki a wani gari suna amsa wa yaron a lokacin da ya yi magana. Saboda haka Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka, a shawararta ta 2016, ta keɓe kiran bidiyo daga hanin da ta yi na allo ga yara 'yan ƙasa da wata 18.

Lafiyar jiki

Barci. Idan duhu ya yi, jiki yana fitar da sinadarin melatonin wanda yake kawo barci. Haske da dare yana danne shi, kuma idon ƙananan yara ya fi na manya barin haske ya shiga. Ban da haske, shirin da ke da gudu da ihu yana tayar da hankali a lokacin da ya kamata jiki ya kwanta. Yaron da ba ya samun isasshen barci yakan tashi da rigima da saurin fushi, kuma ba ya riƙe abin da aka koya masa, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take ajiye abin da aka koya da rana.

Ido. Rashin ganin nesa yana ƙaruwa a duniya, musamman a biranen gabashin Asiya, kuma ana danganta shi da yawan duba abu kusa da ido da ƙarancin fita waje. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa 'yan aji 1 na wasu makarantun firamare minti 40 na wasa a waje kowace ranar makaranta. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna cewa bayan shekara 3, kashi 30 cikin 100 ne suka kamu da rashin ganin nesa, alhali a makarantun da ba a ƙara ba kusan kashi 40 ne. Hasken rana yana kare idon yaro, kuma muna da shi kyauta.

Motsa jiki da abinci. Yaro yana koyon rarrafe, gudu, tsalle da riƙe abu ta wurin yin su. Awar da ya yi a zaune gaban allo ta fita daga wannan. Ciyar da yaro yana kallo kuma yana hana shi lura da ƙoshi, sai ya saba ba ya cin abinci sai da waya. Ga kuma tallar alewa, biskit da lemon kwalba, wadda yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ba ya iya bambance ta da shirin da yake kallo.

Kunne. Sauti mai ƙarfi ta abin sawa a kunne yana lalata ƙananan ƙwayoyin ji da ke can ciki, kuma ba sa sake tsirowa. Ƙaramin yaro bai san ya rage ƙara da kansa ba, don haka gara a bar sautin a fili inda babba zai ji.

Hali da natsuwa

A 1963 Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya nuna wa yara 'yan shekara 3 zuwa 6 fim ɗin wani babba yana dukan 'yar tsana. Da aka bar su da irin wannan 'yar tsana, sun kwaikwayi dukan kamar yaran da suka ga abin ido da ido. Ƙananan yara ba su gama raba gaskiya da wasan kwaikwayo ba. Fim ɗin da ke da mayu, jini ko duka, wanda manya suke kallo a falo, da bidiyon kashe-kashe da ake turawa a WhatsApp bayan an kai hari, suna iya barin yaro da tsoron dare da mugun mafarki. A wuraren da aka sha rikici, wannan yana ƙara wa yaro nauyi a kan wanda yake ɗauke da shi.

Wani abin kuma shi ne amfani da waya wajen rarrashi. Yaro ya fara birgima a kasuwa, a mota ko a cikin sujada, sai a miƙa masa waya, nan take ya yi shiru. Jenny Radesky ta Jami'ar Michigan ta bi yara fiye da 400 'yan shekara 3 zuwa 5, ta gano cewa yawan rarrashi da na'ura yana tafiya tare da ƙaruwar saurin fushi bayan 'yan watanni, musamman ga yara maza da waɗanda dama suke da zafin rai. Yaro yana koyon haƙuri ne idan aka riƙe shi, aka faɗa masa sunan abin da yake ji, aka jira tare da shi har abin ya wuce. Idan waya ce take yanke kukan kowane lokaci, ba ya samun wannan horon. A yi haka sau ɗaya a doguwar tafiya ba abin damuwa ba ne. Matsalar ita ce ya zama hanya ɗaya tilo.

Ya kamata iyaye su san kuma cewa manhajoji irin su YouTube da TikTok an gina su ne don mai kallo ya daɗe, shi ya sa wani bidiyo yake kunna kansa da zarar wani ya ƙare. A 2017 an gano tarin bidiyoyi a YouTube masu amfani da fitattun 'yan katun wajen nuna tashin hankali da abubuwan da ba su dace da yara ba. A 2019 hukumomin Amurka sun ci kamfanin Google tarar dala miliyan 170 saboda tattara bayanan yara a YouTube ba da izinin iyaye ba. Facebook da TikTok su kansu sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya

A watan Afrilu na 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, inda ta haɗa allo, motsa jiki da barci, domin duka daga awa 24 ɗin nan ake raba su.

1. Ƙasa da shekara 1: babu kallon allo. A riƙa wasa da jariri a ƙasa sau da yawa a rana, a kwantar da wanda bai fara rarrafe ba rub-da-ciki yana a farke, jimlar aƙalla minti 30. Barci awa 14 zuwa 17 daga haihuwa zuwa wata 3, awa 12 zuwa 16 daga wata 4 zuwa 11.

2. Shekara 1 zuwa 2: ɗan shekara 1 babu kallon allo, ɗan shekara 2 kada ya wuce awa 1 a rana, ƙasa da haka ya fi. Motsa jiki aƙalla minti 180 a rana. Barci awa 11 zuwa 14.

3. Shekara 3 zuwa 4: allo kada ya wuce awa 1 a rana. Motsa jiki aƙalla minti 180, daga ciki minti 60 na gudu da tsalle. Barci awa 10 zuwa 13.

Ƙa'idar ta kuma ce kada a riƙe yaro wuri ɗaya fiye da awa 1 a jere, ko a keken jarirai, ko a kujera, ko a goye. Goyo yana da amfaninsa, amma a riƙa sauke yaro ya motsa.

Yadda za a yi a gida

Dokar da ta fi ɗorewa ita ce mai sauƙi wadda kowa a gidan ya sani, har da kaka, 'yar aiki da manyan yara, domin sau da yawa wayar yayye ce take kaiwa hannun ƙarami. A kashe talabijin idan ba mai kallo. A ajiye waya lokacin cin abinci. A daina kallo awa 1 kafin barci, kuma kada allo ya kwana inda yara suke kwana. Babba ya fara kallon shiri kafin ya ba yaro, ya sauke shi a waya ya kashe data, don kada wani bidiyo ya biyo baya. A faɗa wa yaro tun farko cewa shiri ɗaya za a kalla, idan ya ƙare a kashe.

Gidan da aka riga aka saba da yawan kallo, a rage da kaɗan-kaɗan, a kuma sa ran rigima na 'yan kwanaki. Abin da zai sa a yi nasara shi ne a cike gurbin. Ba sai an sayi kayan wasa ba: tatsuniya, kacici-kacici, waƙa da tafi, wasan ƙasa, wasan ɓuya, motar gwangwani, tsince wake tare da uwa ana ƙirgawa, duk suna ba yaro magana da motsi. Uwar da take fama ita kaɗai da girki da sana'a ba zargi take bukata ba, taimako take bukata. Uba ya ɗauki nasa rabon na reno, maƙwabta su riƙa haɗa yaransu wasa a tsakar gida ƙarƙashin idon babba ɗaya, malaman makarantar Lahadi da na nazare kuma su fifita labari da waƙa da zane a kan kunna bidiyo.

Lokacin zuwa asibiti

A kai yaro wurin ma'aikacin lafiya idan ya kai wata 12 ba ya gwaranci, ba ya nuni da yatsa ko ba ya waiwayowa idan an kira sunansa. Idan ya kai wata 16 zuwa 18 ba shi da kalma ko ɗaya. Idan ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu. Ko kuma idan ya daina yin abin da ya riga ya iya. Kada a ɗora laifin a kan waya kaɗai a zauna jira, domin matsalar ji, ciwon kunne mai maimaituwa, ƙarancin abinci mai gina jiki da wasu larurori suna kawo irin wannan jinkiri, kuma taimakon da aka fara da wuri ya fi aiki. Haka nan yaron da yake matse ido, yake matsawa dab da talabijin ko yake yawan kukan ciwon kai, a kai shi a duba idonsa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗan shekara 2 ba ya iya sa wa kansa iyaka, don haka iyaye ne za su zaɓa masa abin da zai kalla, da wanda zai kalla tare da shi, da lokacin da za a kashe.